Igwa, Danƙo ko Dukan Bango: Wane Wasan Harbi na Burauza Ya Fi Dacewa da Kai?

Akwai wani ɗan tsakani, bai wuce daƙiƙa biyu ba, daga lokacin da yatsa ya saki jifa zuwa lokacin da abin da aka jefa ya sauka. A wannan tsakanin ba ka da sauran iko a kan komai. Ka saita, ka ja, ka saki, saura kallo. Sai ka ga mutum ya karkata kafaɗa yana bin dutsen da ido, kamar karkatar tasa za ta iya juya shi a sama. Ƙananan wasannin harbi da ake buɗewa kai tsaye a burauza, ba saukewa ba rajista, waɗanda aka gina kan nauyi da gudu da karo, duk a kan wannan ɗan tsakanin suka dogara. Shi ya sa wasan da zanensa bai taka kara ya karya ba yakan riƙe babban mutum awa guda yana cewa bari in ƙara ɗaya.

Matsalar ita ce in ka shiga shafukan da ke tara su, irin su Poki ko CrazyGames ko Armor Games, hotuna za ka gani rututu, duk an zuba su a ƙarƙashin suna ɗaya. Mai neman abin da zai kwantar masa da hankali bayan aiki sai ya faɗa wanda ke tayar da jijiyar wuya, mai neman wasa ƙwaƙwalwa kuma ya faɗa na shirme da dariya. Cikin minti biyar ya rufe shafin yana cewa duk ɓata lokaci ne, alhali ƙofa ya ɓata. Na daɗe ina buga waɗannan wasanni, tun zamanin Flash, fasahar da ake gina wasannin burauza da ita a da, kuma hanyar da ta fi yi mini sauƙi wajen rarrabe su ita ce duba abin da wasa ke yi da kuskurena. In na harba na kuskure, me ya rage a hannuna? Wani wasan darasi yake bar maka, wani sa'a, wani dariya, wani kuma kashe ka kawai ake yi a wuce. Wanda ya san irin kuskuren da zuciyarsa ke iya ɗauka ya gama rabin zaɓe.

Yana da kyau a fara sanin abin da ke aiki a ƙarƙashinsu. A yawancinsu ba mai zane ne ya zana yadda gini zai rushe ba, wani injin lissafi ne ke yi. Wanda ya fi shahara shi ne Box2D, wanda wani injiniya mai suna Erin Catto ya rubuta ya sake shi kyauta ga kowa a 2007. Da shi aka gina Angry Birds, haka ma ɗimbin wasannin Flash. Aikinsa shi ne kusan sau 60 a kowace daƙiƙa ya bi kowane katako da kowane dutse yana duba nauyinsa, inda ya nufa, gudunsa da abin da ya taɓa, ya matsar da kowa kaɗan, ya sake dubawa. Wannan yana da wani sakamako da ba kowa ke lura da shi ba. Harsashin da ke gudun mita 300 a daƙiƙa, in an raba tafiyarsa gida 60, mita biyar yake tsallakewa a kowane lissafi, don haka zai iya ratsa siririyar katanga injin bai sani ba, tunda a lissafin farko yana gabanta, a na biyu yana bayanta. Akwai dabarar magance hakan, amma tana ƙara wa na'ura aiki. Abubuwa masu nauyi masu tafiya a hankali, dutse da gurneti da kibiya da ƙwallo, su suka fi yi wa injin sauƙi, kuma su ne ido ke iya bi.

Dangin igwa

Waɗannan su ne dattawan gidan. A 1991 Microsoft ta saka wani ɗan wasa mai suna Gorillas a cikin MS-DOS 5, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, gwaggon biri biyu a saman dogayen benaye suna jifan juna da ayaba mai fashewa. Lamba biyu kawai kake rubutawa, kusurwa da ƙarfin jifa, ga kuma wata kibiya a ƙasan allo tana nuna inda iska ta nufa. A shekarar ce kuma Wendell Hicken ya fitar da Scorched Earth na tankokin yaƙi, inda ƙasar da kake tsaye a kanta ma takan zaftare in bam ya faɗa kusa. Worms na kamfanin Team17 na Ingila ya biyo baya a 1995. Jikokinsu ne suka cika burauza daga baya: Raft Wars da ake harbin juna daga kan kwale-kwale, Bowman na kwari da baka, da ShellShock Live wanda ya fara a matsayin wasan Flash kafin ya girma ya koma Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet.

Tsarinsu karɓa-karɓa ne, ka harba ya harba, kuma kowane harbin da ya kuskure yana gaya maka wani abu tabbatacce. Ya wuce, to ƙarfi ya yi yawa. Ya gaza, to ƙara. Masu harba igwa na gaske ma haka suka daɗe suna yi, ɗaya ya wuce, ɗaya ya gaza, na uku a raba tsakani. Daɗin shi ne dokokin ba sa ƙarya. Tun 1638 Galileo ya bayyana irin lanƙwasar da abin da aka jefa ke yi a sama, kuma ita ce wasan ke zanawa a gabanka. A fili shimfiɗaɗɗe ba iska, digiri 45 shi ne ke kai jifa mafi nisa. Digiri 30 da digiri 60 wuri ɗaya suke sauka, kusan kashi 87 cikin 100 na wancan nisan, sai dai ɗaya ya bi ƙasa-ƙasa da sauri, ɗayan ya hau sama ya daɗe kafin ya sauko. Wannan bambancin shi ne dabarar duka. In akwai tudu tsakaninku, na sama za ka ɗauka. In iska na kaɗawa da ƙarfi, na ƙasa ya fi, domin gwargwadon daɗewar jifa a sama gwargwadon abin da iska za ta ci daga gare shi. Wani abin da ke ruɗa sababbi shi ne ƙarfi. In ka ninka gudun jifa sau biyu, nisa sau huɗu yake ninkuwa, shi ya sa ɗan ƙarin da kake gani ba komai ba yake wurga bam bayan abokin karawa. Kusurwa kuwa in tana kusa da 45 tana da afuwa, digiri 40 da 50 duka suna ba da fiye da kashi 98 cikin 100 na nisan ƙarshe. Wanda ya gane haka yakan tsayar da kusurwarsa wuri ɗaya ya riƙa gyara ƙarfi kaɗai, maimakon ya taɓa duka biyun a lokaci guda ya rasa wanne ne ya kawo canjin.

Ba sai ka haddace lambobin ba. Bayan kwana biyu hannu ne ke ɗauka, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan ne ya sa nake fifita dangin nan a kan saura: ƙwarewar da ka samu a wasa ɗaya tana bin ka zuwa wani, domin doka ɗaya ce ke mulkinsu.

Suna da nasu aibi. Jira yana da yawa, musamman in da mutane kuke bugawa ta intanet, kowa sai ya gama lissafinsa, wani ma in ya ga za a ci shi sai ya fice ya bar ka. In da kwamfuta kake karawa, sau da yawa ɗayan biyu ne, ko ta riƙa harbin iska da gangan har ka gaji, ko ta same ka a harbin farko cikin guguwa yadda ba ɗan Adam da zai iya. Wasu kuma sun cika makamai na musamman da ake buɗewa da maki, har wanda ya daɗe a wasan ya ci sabon shiga da ƙarfin makami ba da iya saiti ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wasan da ke zana maka ɗige-ɗigen hanyar jifa tun daga bakin igwa har inda zai sauka. An kashe wasan ke nan, saura ka ɗora layi a kan abokin gaba ka danna. Nagari shi ne wanda ke nuna ɗan guntun layi a farko, ko ya bar maka sawun harbinka na baya ka yi gyara a kai.

Dangin danƙo da rushe gini

A watan Afrilun 2009 aka saka Crush the Castle a shafin Armor Games. Ƙatuwar majajjawa ce irin ta yaƙin da, ka danna sau ɗaya ta fara lilo, ka sake dannawa ta saki dutse ya nufi fadar da aka gina da katako da duwatsu. A watan Disamba na shekarar kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya fitar da Angry Birds a waya, ya musanya majajjawa da danƙo, duwatsu da tsuntsaye, a 2011 kuma aka yi masa fitowar burauza ta Chrome. Tun daga nan masu kwaikwayo ba su tsaya ba.

A ido suna kama da dangin igwa, tunda duka jifa ne mai lanƙwasa. Amma a nan saukar jifa ba ita ce ƙarshen magana ba, farkonta ce. Dutse ya daki ginshiƙi, ginshiƙi ya karkata, rufi ya zame, wani gungumen dutse da ke sama ya gangaro ya murƙushe abin da ba ka ma yi niyyarsa ba. Kuskure a nan yakan zama alheri. Sau nawa jifan da ya kauce ya bugi wani lungu gini ya zube gaba ɗaya, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ba mai harbinka, ba agogon da ke ƙirga maka lokaci, za ka iya ajiye wayar ka dawo ginin na nan yana jira. Ga wanda ya gaji yake son abin da zai huce da shi, babu kamarsu. Akwai wata gamsuwa a ganin abin da aka jera tsaf ya ruguje da ƙara, kuma ba a yi wa kowa asara ba.

Ba wai babu basira a ciki ba. Mai wayo ba ya nufar abin da ake so ya kashe, ƙafar ginin yake nema, inda nauyi ya taru a kan siririn katako. Yana kuma lura da kayan gini. A Angry Birds tsuntsu rawaya mai ƙara gudu shi ke fasa katako, shuɗi mai rabuwa uku shi ke fasa gilashi, baƙi mai fashewa shi ke iya wa dutse, kuma jerin da aka ba ka su a kowane mataki alama ce ta abin da mai ƙirƙira yake so ka gano. Tsakanin majajjawa da danƙo ma akwai bambanci da ya kamata a sani. Majajjawa lokaci take gwadawa, daidai sa'ad da za ka saki. Danƙo kuwa hannu yake gwadawa, inda za ka ja ka tsaya. Wanda hannunsa ke rawa zai fi jin daɗin na farko.

Inda suke ƙure mutum shi ne wajen neman cikakken maki. Wuce mataki basira ce, amma taurari uku sau da yawa sa'a ce. Ka yi jifa iri ɗaya sau goma, sakamako goma za ka gani, domin kaucewar da ba ta kai gashin kai ba a farkon karo tana girma da kowane katakon da ya taɓa wani. Sai ka tsinci kanka kana ta sake farawa, ba don kana koyon wani abu ba, jiran ranar da duwatsu za su faɗi yadda kake so kawai kake yi. Daga nan wasan ya tashi daga hutu ya koma caca da lokacinka. Sannan na jabu sun fi yawa a wannan dangin. Gane su ba wuya: in ka buɗe mataki ka ga tubala suna kyarma tun ba ka harba ba, ko katako da dutse suna faɗuwa kamar nauyinsu ɗaya, ko ginshiƙi ya karkata ya tsaya a iska, rufe ka nemi wani.

Tsakanin waɗannan biyun ne yawancin mutane ke tsayawa, don haka bari in ajiye su gefe da gefe. A igwa, in ka ci ka san dalili, in an ci ka ma ka san dalili. A danƙo kana iya ci ba ka san yadda aka yi ba, kana iya faɗuwa da jifan da ba shi da laifi. Igwa tana son abokin karawa, in babu shi rabin daɗinta ya tafi. Danƙo kuwa kai kaɗai ya ishe ka. Wasan igwa guda yakan ci minti goma ko fiye kuma ba a barinsa a tsakiya, matakin danƙo minti ɗaya ne. Igwa ba ta ƙarewa muddin akwai sabon abokin gaba da sabuwar iska, danƙo kuwa matakansa ƙidayayyu ne, ranar da ka gama su ka gama. Mai son ya ga kansa yana ƙwarewa mako bayan mako ya nufi igwa. Mai son minti biyar na sakin jiki ba tare da kowa ya matsa masa ba ya ɗauki danƙo.

Dukan bango

Waɗannan wasan ƙwaƙwalwa ne da aka sa wa rigar harbi. Ricochet Kills na zamanin Flash, Stupid Zombies da Mr Bullet duk tsari ɗaya ne: kana tsaye wuri guda, harsasai ƙidayayyu, abokan gaba sun ɓuya a bayan katanga, dole harsashi ya daki bango ya karkato ya same su. Doka ɗaya ce tak, kusurwar da harsashi ya shiga bango da ita da ita yake fita, kamar haske a madubi. Daga nan ma dabarar ta fito. Ɗauki bangon a matsayin madubi, ka ƙiyasta inda hoton abokin gaba zai bayyana a cikinsa, ka saita can. Dukan farko da na biyu ana iya lissafa su. Daga na uku zuwa sama, musamman in harsashi ya taɓa abu mai zagaye, addu'a ce kawai.

Kuskure a nan amsa ce da ba daidai ba, kamar a jarrabawa. Ba ya koya maka da yawa, ba ya ba ka kyauta, sake gwadawa kawai. Amma lokacin da ka hango mafita bayan ka daɗe kana kallon allo, harsashi ɗaya ya yi zirga-zirga ya kwashe mutum huɗu, wannan daɗin nasu ne su kaɗai. Ba su da nauyi, ko tsohuwar waya tana ɗaukarsu. Wanda yake son dukan bango amma ba ya son bindiga yana da 'yan uwansu masu taushi. Puzzle Bobble na kamfanin Taito na Japan, wanda ya fito a 1994, shi ne kakan duk wasannin harbin ƙwallaye masu launi da ake haɗa uku su fashe. Peggle na PopCap kuma, na 2007, yana ba ka ƙwallo goma ka share turaku 25 masu ruwan lemo.

'Yan tangaɗi

In ku biyu ne a gaban kwamfuta ɗaya, manta da duk na sama. Rooftop Snipers da Getaway Shootout da ire-irensu an gina su ne da gangan yadda jikin ɗan wasanka ba zai yi maka biyayya ba. Yana layi, yana tangaɗi, hannunsa da bindiga yana ɗagawa a hankali sai ka saki a daidai lokaci, tsalle kuma yana kai shi inda jikinsa ya karkata. Maɓalli biyu ko uku ne kacal ga kowa. A Rooftop Snipers ba kashe abokinka kake yi ba, tura shi kake yi da ƙarfin harsashi har ya faɗo daga kan rufi. Gun Mayhem ma haka, duk da shi jikin ya fi jin magana, kowane harbi ture mutum yake yi zuwa bakin dandali.

Kuskure a nan shi ne abin dariyar. Ka yi tsalle don kauce wa harsashi ka jefa kanka ƙasa da kanka, ɗakin ya ɓarke. Babban amfaninsu shi ne suna rage ratar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo, yaro ɗan shekara takwas zai iya cin yayansa kuma ba wanda zai ji haushi sosai. Amma kai kaɗai da kwamfuta, minti goma sun isa ka ƙoshi, domin dariya tana son abokin yi. Wani abu kuma, wasu kibod masu araha ba sa karanta maɓallai da yawa in an danna su tare, sai ɗayanku ya riƙa danna tsalle ba ya tashi. In haka ta faru ba laifin wasan ba ne, duba ko ana iya canza maɓallan.

Akwai kuma masu guje-guje da ake gani ta idon ɗan wasa, irin Krunker da ya fito a 2018 da Shell Shockers na ƙwayaye masu bindiga. A shafi ɗaya ake jera su da sauran, amma wani gida ne daban. Harsashi a nan kusan nan take yake isa, babu wancan tsakanin na kallo, saurin hannu da kyawun intanet ne ke yanke hukunci. Suna buƙatar maus da kibod, kuma sabon shiga yakan sha mutuwa kafin ya gane daga ina ake harbinsa. Suna da masoyansu, amma wanda ya zo neman lanƙwasar jifa ba zai same ta a can ba.

Na'urarka ma tana da ta cewa

Danƙo da yatsa aka haife shi. Kana ja baya ne, nesa da abin da kake hari, don haka hannunka ba ya rufe maka gani. Illarsa ɗaya, lokacin ɗage yatsa daga allo saiti yakan ɗan goce, sai ka saba da sakin a hankali. Dukan bango a ƙaramar waya yana wahala, tunda yatsa kan zauna a daidai inda kake son gani, kuma digiri ɗaya yana raba ci da faɗuwa. Igwa ta fi kyau a kwamfuta, inda maɓallan kibiya ke ba ka damar ƙara digiri ɗaya-ɗaya. In na'urar ba ta da ƙarfi, rushe gini ne zai fara nuna maka, domin lokacin da tubala hamsin ke karo da juna shi ne lokacin da injin ya fi shan aiki, hoto ya riƙa tsinkewa daidai inda daɗin yake.

Wajen intanet, wasan da kake yi kai kaɗai sau ɗaya yake lodi, bayan nan ba ya cin data sosai, tallan bidiyo ne ke ci. Karɓa-karɓa ta intanet tana jure wa sabis mai rauni, jinkirin daƙiƙa ɗaya ba ya canza inda bam zai sauka. Masu guje-guje kuwa ko ɗan jinkiri ba sa yafewa. Ka kuma sani yawancin waɗannan wasanni a cikin burauzar suke ajiye inda ka tsaya, ranar da ka goge bayanan burauza matakanka sun tafi tare da su.

Ruwa ba ya tsami banza, wasan kyauta da talla yake rayuwa, kuma yawanci tsakanin mataki da mataki ake saka ta. Ma'ana gwargwadon gajartar mataki gwargwadon yawan tallar da za ka gani. Dukan bango, da matakinsa ke ƙarewa cikin daƙiƙa kaɗan, shi ya fi shan wannan, har wani lokaci kallon talla ya fi wasan tsawo. Igwa ta fi sauƙi ta nan. In ka ga wasa ya tsananta mataki sannan ya yi maka tayin kallon bidiyo don ya tsallakar da kai, ka san da gangan aka tsananta shi. Kuma wasan burauza na gaskiya ba ya cewa ka sauke wani abu ko ka ƙara wa burauza wata manhaja kafin ya buɗe. Duk ƙaton maɓallin da ya ce haka, kauce masa.

In yaro za ka zaɓa wa, buga da kanka tukuna. Zane mai ban dariya ba ya nufin ba jini. Da yawa daga na dukan bango da na kwari da baka mutane ake harbi, wasu har da feshin jini, kamar Apple Shooter inda kibiyar da ta kuskure tuffa jikin wanda ya ɗora ta a ka take shiga. Rushe gini da harbin ƙwallaye sun fi tsabta. Waɗanda ake yi da baƙi ta intanet kuma, duba ko akwai wurin hira da ko ana iya rufe shi.

Masu neman tsofaffin na da kada su ɗauka sun ɓace. Adobe, mai Flash ɗin, ta daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020, ta toshe shi gaba ɗaya ranar 12 ga Janairu 2021, amma wata manhaja mai suna Ruffle tana tayar da da yawa daga cikinsu a burauzar yau ba tare da ka saka komai ba, kuma shafuka irin Newgrounds da Armor Games suna amfani da ita. Wasu sukan yi tuntuɓe, sauti ya ɓace ko maɓalli ya ƙi aiki. Taskar Flashpoint ta adana dubbai, sai dai ita saukewa ake yi a kwamfuta. Sababbin kuwa da HTML5 ake gina su, fasahar da burauza ke ganewa da kanta, shi ya sa suke buɗewa a waya da kwamfuta duka.

Ni dai in an ce in riƙe ɗaya, wasan igwa mai iska zan riƙe, wanda ke bar mini sawun harbina na baya kuma bai zana mini amsa ba. Duk sabon da na buɗe, kowane dangi ne, harbi uku nake gwada shi da su. Na farko ina yin sa yadda ya zo. Na biyu ina maimaita na farko daidai gwargwadon iyawata, in ga ko zai sauka kusa da inda wancan ya sauka. Na uku ina canza abu ɗaya kawai, ƙarfi ko kusurwa, in ga ko canjin ya tafi inda hankali ya ce zai tafi. In na biyu ya yi nisa da na farko ba iska ba dalili, ko talla ta faɗo kafin in kai na uku, sai in koma baya in buɗe na kusa da shi.